Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kakakin Majalisar Wakilai, Iyan Zazzau Abbas Tajuddeen, Kan Kujerun Mata Da Sunan Da Ake Jifan Su Da Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Iyan Zazzau.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da ke wuyanka. Ni 'yar mazaɓarka ce. Na rubuto maka a fili, kuma da Hausa, domin ina so waɗanda suka tura ka Abuja su ji maganar tare da kai.

Zancen ƙudirin ware wa mata kujeru ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mataimakinka Benjamin Kalu da wasu 'yan majalisa ne suka kawo shi, ya tsallake karatu na biyu a watan Yulin 2024, kuma kai da bakinka ka sha cewa kana bayansa. Yadda aka fara gabatar da shi, kowace jiha da Abuja za a ƙara mata kujerar sanata ɗaya da ta wakilai ɗaya, wato 37 a wancan zaure, 37 a naku, kowace majalisar jiha kuma a ƙara mata uku. Mata kaɗai za su yi takarar waɗannan, bayan shekara 16 a sake dubawa. Ba a taɓa kujerar kowa ba. Dalilin kawo shi ma ba ɓoyayye ba ne: cikin sanatoci 109 mata huɗu ne, cikin ku 360 matan ba su kai 20 ba, majalisun jihohi irin na Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara kuwa ko mace ɗaya babu.

Lissafin da ya hana ni sakewa shi ne wannan. Gyaran tsarin mulki sai da kashi biyu cikin uku na kowane zaure, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Kudu jihohi 17 gare ta. Ko da dukkansu sun ce e, abin da ba tabbas, sai an samo bakwai daga cikin 19 na Arewa. Ke nan duk tarukan da ake yi a manyan otal-otal na Abuja, da riguna iri ɗaya da hotuna, ba a can za a yanke hukunci ba. A Dutse da Gusau da Birnin Kebbi da Damaturu za a yanke shi, a hannun mutanen da ba su taɓa halartar taron ba.

In ƙudirin nan ya mutu a Arewa, suna ne zai kashe shi. Ranar da wani ya ɗauki waya ya yi saƙon murya na minti uku, ya ce 'yan feminis, wato masu fafutukar 'yancin mata irin na Turai, su ne suka kawo shi, Turawa suka biya kuɗin, daga shi sai a raba gado daidai tsakanin ɗa da 'ya, daga nan sai auren jinsi, to magana ta ƙare. Ɗan majalisar jiha da ke son komawa kujerarsa ba zai zauna karanta sashe kaza ba. Zai tuna da huɗubar Juma'a mai zuwa, ya tuna da sojojin baka da ke jiran sa a rediyo bayan isha'i, ya jefa ƙuri'arsa inda ya fi masa sauƙi. Ban ma ga laifinsa sosai ba, tunda ba wanda ya je ya ba shi amsar da zai kare kansa da ita a gaban mutanensa.

Ka ga irin wannan da idonka, don kana majalisa tun 2011. A watan Maris na 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin daidaita dama tsakanin maza da mata na Sanata Biodun Olujimi. Waɗanda suka tashi suka soke shi akwai Musulmi akwai Kirista, kowa ya kafa hujja da addininsa, kuma batun gado ne ya fi tayar da ƙura. Ran 1 ga Maris 2022 kuma, Majalisar Tarayya ta kayar da ƙudirori biyar da suka shafi mata a zama guda, har da na kujerun musamman, duk da cewa uwargidan shugaban ƙasa Aisha Buhari ta taka har majalisa kwanaki kaɗan kafin nan, uwargidan mataimakinsa kuma tana zaune a zauren ana ƙirga ƙuri'a. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Ni a nan Zariya ban ji wata mai sayar da ƙosai ko malamar Islamiyya da ta san abin da aka kayar ba, balle ta ji zafin sa. Abin da ya iso mana kawai shi ne hoton mata suna ɗaga kwalaye da Turanci, da masu cewa Allah Ya ƙara.

Ranka ya daɗe, wannan jifa da suna ba yau aka fara ba, kuma garinmu ya fi kowane gari sanin haka. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga NEPU tana yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, ta hau duro tana cewa a ba matan Arewa ƙuri'a, a daina aurar da ƙananan yara, a sa 'ya mace makaranta. Ita kanta tana da shekara 13 aka aurar da ita. An ɗaure ta har sau 16, an yi mata duka, an aske mata kai, an kore ta daga Kano. A lokacin ba a san feminis ba, don haka sunan da ake jifan duk macen da ta fito siyasa da shi shi ne karuwa. Aikinsa ɗaya da na yau: da zarar an maƙala maka shi, ba sauran mai sauraren abin da kake faɗa. Matan Kudu suka yi zaɓen 1959, namu suna gida, domin NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa, ta ce lokaci bai yi ba. Sai a 1976, ƙarƙashin soja, aka ba matan Arewa ƙuri'a. Yau wa ke cika layi tun da asuba ranar zaɓe, da goyo da hijabi, rana ta doke su har la'asar? Kowane ɗan siyasar Arewa ya san amsar, shi ya sa ake raba atamfa da taliya da sabulu. Abin da aka ce zai rushe tarbiyya a 1959, yau ba wani malami da ke hana shi, wasu ma a kan mumbari suke kiran mata su fito su yanki katin zaɓe. Ita kuwa Gambo, da ta rasu a 2001, ga babban asibiti nan a Ƙofar Gayan da sunanta. A 2012 har an shirya sa hotonta a takardar naira 5,000 tare da Funmilayo Ransome-Kuti da Margaret Ekpo, kafin a jingine shirin.

Kada in yi nisa ban faɗa ba: ita kanta sarautar da kake riƙe da ita, a Zazzau ta zamanin Haɓe mace ce ke riƙe ta. Na san ka fi ni sanin tarihin gidanku.

Shi wannan feminizim da ake tsorata mutane da shi, ba abu ɗaya ba ne, kuma masu shi ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. Akwai waɗanda ke ganin matsalar a doka take: a ba mace ƙuri'a da makaranta da aiki da ikon mallaka, sauran za su biyo baya. Akwai masu cewa doka ba ta ciyar da kowa, talauci da rabon arziki ne tushen, matar mai kuɗi da 'yar aikinta ba damuwarsu ɗaya ba. Akwai kuma masu ganin aure da iyali kansu ne kurkukun. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi ƙara a intanet, kuma maganarsu ce ake tsinto mafi muni a fassara mana a ce ga abin da duk mai maganar mata ke nufi. Masanan Afirka mata sun daɗe suna jayayya da na Turai a kan haka. Molara Ogundipe-Leslie ta ce gyaran al'umma ake nema wanda aka sa mata a ciki, ba gaba da maza ba. Obioma Nnaemeka ta ce matan nahiyar nan da sasantawa da ciniki suke cim ma buƙata. A ƙasashen Musulmi kuma akwai irin su Fatima Mernissi ta Maroko, waɗanda suka koma cikin tafsiri da hadisi da tarihi suna neman hujja, malamai suka karɓi wani abu suka mayar musu da wani. Ni ban yarda da duk abin da kowace cikinsu ta faɗa ba. Amma wanda ya tattara su duka ya ce abu ɗaya ne, ko dai bai karanta ba ko kuwa yana da wata manufa.

A nan Samaru aka yi wannan muhawara tun kafin a haifi yawancin masu zage-zage a Facebook. A 1982 aka yi taro a Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya haifi ƙungiyar WIN (Women in Nigeria), mai kallon matsalar mata ta fuskar talauci da danniya, har da maza a cikin membobinta. A 1985 kuma aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a Minna, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amira ta farko, suka ce su daga cikin Musulunci za su nemi haƙƙin mace, suka shiga gina makarantu da asibitoci. Mutane na ɗauka waɗannan biyun kishiyoyi ne. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editan New Nigerian, ta kuma rasu a turmutsitsin Mina a 2015, da ita aka kafa duka biyun, kuma ba ta ga wani karo a tsakani ba. Kafin su duka, Malam Isa Wali ya yi rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen a 1956 kan matsayin mace a Musulunci, ya sha suka. Kafin shi kuma ga Nana Asma'u da jajinta, tsofaffin matan da take naɗa wa malfa ta tura su ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu mata, tsarin 'Yan Taru da bai mutu ba har yau. Mahaifinta Shehu Usmanu ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Da wata yarinya za ta rubuta irin wannan magana yau a shafinta ba tare da ta ce ta Shehu ce ba, kafin magariba an gama yi mata suna.

Akwai shari'ar da nake so duk mai neman wannan ƙudiri ya zauna ya yi nazarinta, ta Amina Lawal. Kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jifa bisa laifin zina, saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu, a watan Maris na 2002, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Duniya ta ɗauka. Takardun koke suka yi ta yawo a intanet da sa hannun miliyoyin mutane, wasu ɗauke da labarin ƙarya cewa Kotun Ƙoli ta riga ta tabbatar da hukuncin har an sa rana, wasu cike da zagin Musulunci. A watan Mayun 2003 ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB, wadda Ayesha Imam ke cikin waɗanda suka kafa ta, ta fito ta roƙi masu wannan koke da su dakata. Hujjarta ita ce hayaniyar waje tana ƙara wa masu mulki taurin kai, tana kuma jefa matar da lauyoyinta cikin haɗari. Ta kawo misalin wata yarinya a Zamfara da aka gaggauta yi wa bulala a Janairun 2001 ana tsakiyar shirin ɗaukaka ƙara, don a nuna ba a tsoron matsin lamba.

Me ya kuɓutar da Amina? Lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da tallafin ƙungiyoyin mata na WRAPA da BAOBAB, suka shiga kotu da littattafan Malikiyya. Suka nuna cewa alƙali ɗaya ne ya zauna alhali dokar jihar ta ce da mataimaka, cewa mai iƙirari yana da damar janyewa, cewa a mazhabarmu ciki yana iya kwanciya shekaru bayan saki a jingina shi ga tsohon miji. Ran 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Safiya Husaini ma a Sakkwato, kotun shari'a ce ta sallame ta a 2002. Ayesha Imam ba ta taɓa ɓoye cewa ita feminis ce ba. Amma ta san kotun da take ciki, ta san harshen da alƙalin ke ji. Waɗanda suka zage ta da 'yar koren Turawa ba su san ita ce ta ce wa Turawan su yi shiru ba.

Yanzu bari in juyo kan 'yan'uwana masu fafutuka, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wani ɓangare na baƙin jinin nan mu muka saya da kuɗinmu. An mayar da maganar mata sana'ar bita: a kira mutum hamsin otal, a yi jawabi da Turanci, a ci abinci, a sa hannu a karɓi kuɗin mota, a rubuta wa mai ba da tallafi rahoto. Matar da aka saka da 'ya'ya biyar ba ko sisi, tana can tana wankau, ba ta san an yi taro a kanta ba. Wasu 'yan matan kuma a intanet sun ɗauka raina aure da yi wa maza kuɗin goro shi ne wayewa, suna kwaso faɗan da ake yi a Amurka suna sauke mana shi ɗanye. Duk wanda ke neman hujjar ɓata tafiyar, a wurinsu yake samu kyauta.

Sai dai ko an yi magana da ladabi, ba a tsira ba. A Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta shirya tattakin zawarawa a Kano don a ji kukan matan da ake saki a watsar. Ba Turanci a ciki, ba wani baƙon ra'ayi, ciyarwa da matsuguni suke nema, abin da Alƙur'ani ya riga ya yi umarni. Hisba ta hana. A Fabrairun 2019 'yan matan Arewa suka fara ba da labarin fyaɗe da dukan da aka yi musu ƙarƙashin maudu'in ArewaMeToo, wasu a gidajen 'yan'uwa, wasu a makarantu. Kafin wata ya ƙare 'yan sanda sun kama ɗaya daga cikin masu taimaka musu, Maryam Awaisu, a ofishinta a Kaduna. Tambayar da ta fi yawo a lokacin ita ce wa ya turo su, wa ke ba su kuɗi. Kaɗan ne suka tambayi wa ya yi wa yaran nan haka. Mai martaba Muhammadu Sanusi na II ma, da rawaninsa da karatunsa, da ya tara malamai don a rubuta dokar iyali bisa Malikiyya, an ce boko ne ya yi masa yawa. Ke nan ba lafazi kaɗai ne matsalar ba. Akwai waɗanda ke cin moriyar yadda abubuwa suke, kuma sunan nan ya zame musu garkuwa.

Mazanmu na son tuna mana cewa Musulunci ya ba mace ikon mallakar dukiya tun ƙarni na bakwai, alhali matar aure a Ingila ba ta samu cikakken wannan iko ba sai 1882. Gaskiya ne, ina alfahari da shi. To a zo kotunan shari'a na Zariya a zauna a benci ranar Litinin. A ga 'ya'ya mata da aka hana gonar ubansu aka ce a ba su kuɗin goro su haƙura. A ga uwar da aka ƙwace wa yaro ɗan shekara uku, alhali a Malikiyya riƙo nata ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. A ga wadda ke neman khul'i an yanka mata kuɗin da ko motar mijin aka sayar ba za ta kai ba. Ba ɗaya cikin waɗannan matan da ke neman a raba gado daidai. Rabin da Allah Ya ba su suke nema, shi ɗin ma bai zo hannu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 75,000 suka mutu wajen ciki da haihuwa a Najeriya a 2023, sama da rubu'in na duniya baki ɗaya, kuma kowa ya san yankin da ya fi ɗaukar kaso. Idan aka zo kasafin kuɗin lafiya a majalisar da ba mace ko ɗaya, wa zai tashi ya ce ɗakin haihuwar garinsu da fitilar waya ake karɓar haihuwa? Ana samun namijin da zai faɗa, ban musa ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga maƙwabtanmu Nijar, masu harshenmu da addininmu da mazhabarmu. Ran 13 ga Mayun 1991 mata suka yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar mata ta ƙasa har yau. A 2000 suka yi dokar kaso: aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, kashi 25 na naɗe-naɗe. Majalisar 1999 mace ɗaya ce cikin 83, ta 2004 ta zo da 14 cikin 113. Suka ɗaga kason zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019. Ba a rufe masallaci ko ɗaya a Maraɗi ko Damagaram saboda haka ba. Amma a wannan ƙasar dai, dokar iyali da aka yi yunƙurin kafawa ta faɗi a 1994 saboda adawar ƙungiyoyin addini, kuma majalisarsu ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo, ta ƙasashen Afirka kan haƙƙin mata, a 2006. Darasin a fili yake. Jama'a sun iya bambance zancen wakilci da zancen aure da gado, in an bar su sun ga bambancin. Wanda ya haɗa su a buhu ɗaya, kamar yadda aka yi a 2016, ya rasa duka. Ko Saudiyya, a 2013 Sarki Abdullah ya naɗa mata 30 cikin 150 na Majalisar Shura. Pakistan ta ware wa mata kujeru 60 a majalisar ƙasarta.

Na san za a kawo hadisin da ya ce mutanen da suka jiɓinta al'amarinsu ga mace ba za su rabauta ba. Ni ba malama ba ce, ba zan yi fatawa a wasiƙa ba. Abin da na sani shi ne malamai sun yi bayani a kan ko shugabancin ƙasa ake nufi ko kowane irin muƙami, kuma wakilcin mazaɓa a majalisa ba halifanci ba ne. Mun ga Mai shari'a Maryam Aloma Mukhtar, 'yar Kano, ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012, mun ga Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, jiharmu tana da mataimakiyar gwamna tun 2019. Wannan tattaunawa ce da ya kamata a yi da malamai tun kafin ranar ƙuri'a, a zauren Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na ɗariƙu, da shugabannin coci na Kudancin Kaduna da Filato da Taraba. In ba a je musu da takardar a hannu ba, wani zai je musu da saƙon murya.

Ni ma ina da ƙorafina a kan ƙudirin, kuma gara ka ji shi daga bakin mai goyon baya. Kujerar da mazaɓarta jiha ce sukutum, yawon kamfen ɗinta daidai yake da na ɗan takarar gwamna. Wace malamar makaranta ce ko shugabar ƙungiyar 'yan kasuwa za ta iya zaga ƙananan hukumomi 44 na Kano ko 23 na Kaduna da aljihunta? In ba a yi hattara ba, matan gwamnoni da 'ya'yansu da ƙannensu ne za su cika kujerun, a sayi daliget kamar yadda aka saba, a wayi gari an ƙara wa gidaje goma sha wani abu albashi da motoci a lokacin da talaka ke auna masara da gwangwani. In haka ta faru, masu cewa harkar mata harkar manya ce sun samu shaida har abada. Ana kuma iya mayar da kujerun wani ɗan keji, duk macen da ta nemi kujerar gama-gari a ce mata ta koma ga tasu. Mun ga wahalar da Aisha Jummai Alhassan ta sha a Taraba a 2015 da Aishatu Binani a Adamawa a 2023 wajen neman kujerar gwamna, amma mun ga kuma ɗimbin maza Musulmi da Kirista da suka jefa musu ƙuri'a. Kada sabon tsari ya toshe wannan hanyar. Dokar zaɓe da za ta biyo bayan gyaran ya kamata ta taɓa kuɗin fom da yadda ake fid da gwani, in ba haka ba an yi gini ba ƙofa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin ofishinka ba. A fassara ƙudirin zuwa Hausa da Fulatanci da Kanuri, gajere ne, a buga shi da boko da ajami, a karanta shi a gidajen rediyo sashe-sashe, mutane su bugo waya su yi tambaya, domin kowa ya ji da kunnensa cewa babu gado a ciki, babu aure, babu saki. Masu zuwa kare shi a jihohi su kasance matan da aka sani a garin: amirorin FOMWAN, shugabannin zumuntar mata na coci, ungozomomi, malaman makaranta, tsofaffin 'yan PRP da suka san ɗaci da zaƙin siyasa. 'Yan Abuja su biya kuɗin mota in sun ga dama, amma su zauna a baya. Kai kuma ka zauna da kakakin majalisun jihohin Arewa 19 da kanka, a Kaduna, ba ta hannun wakili ba. Kai ɗan sarauta ne, malamin makaranta ne kafin siyasa, ba wanda zai ce maka ba ka san addini ko al'ada ba. In ka tsaya a Zariya ka faɗi da Hausa abin da kake faɗa a Abuja da Turanci, ɗan majalisar da ke tsoron huɗuba zai samu inda zai jingina.

Na ƙarshe, ranar da za a kaɗa ƙuri'a, a fitar da sunaye. A 2022 alƙaluma kawai muka gani a allo, kowane ɗan majalisa ya dawo gida ya ce shi yana cikin waɗanda suka goyi baya. A wannan karon a buga wanda ya ce e da wanda ya ce a'a da wanda ya sulale ya fita, mazaɓa-mazaɓa, a zaurenku da kuma majalisun jihohi. Wanda ya ƙi saboda aƙidarsa ya fito ya faɗa, za mu girmama shi a kan haka. Matan da za a zo nema da atamfa a 2027 suna da haƙƙin su riƙe wannan takarda a hannu lokacin da ɗan takara ya yi sallama a ƙofar gida.

Allah Ya ja zamanin Iya, Ya sa a gama lafiya.

Wassalam.

Taka,
'Yar mazaɓarka daga Tudun Wadan Zariya.